Inda Gida Ya Sa Gaba: Gini da Ibada a Ƙasar Tasawa da Mayahi

Wanda ya taɓa tsayawa gindin hasumiyar Agadas, ko ya shiga tsohon masallacin Juma'a na Zariya ya ɗaga kai ya ga rufin da Babban Gwani Malam Mika'ilu ya ɗaura, idan aka kawo shi gundumar Tasawa ko ta Mayahi aka ce ya nuna ginin ibada, yana iya zagaye ƙauyuka ya dawo ya ce bai ga abin faɗa ba. Masallatan siminti masu rufin kwano, rumfunan kara, dangogi, rumbuna, shi ke nan. Ni kuwa a ganina a nan ne maganar ta fi fitowa fili. Inda babu dogon gini mai ɗauke ido, tambayoyi uku ne ke saura: ina ginin ya sa gaba, me ya juya wa baya, kuma wa ya ce a yi haka.

A fara da ƙasar kanta. Jigawa ce. Daga Mayahi zuwa Kanambakashe, daga Urafan zuwa Maijirgi, rairayi ne ke bin ƙafa, yumɓun gini kuwa sai an nufi bakin tabki ko kwarin Gulbin Kaba. Abin da ƙasar ta ba mutanenta hannu sake shi ne karan hatsi, gamba ta saƙa zana, ciyawar jinka, kaba da itacen goriba, kuma da su aka kafa garuruwa. Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda aka sani da Abdulkarim, ya sauka Tasawa a watan Janairu na 1851 bayan ya ƙetaro hamada. Abin da ya burge shi a garin shi ne gidaje masu dogayen dangogin kara, da inuwar itatuwa a tsakar gida, da walwalar mutane. Gini irin wannan ba ya tsufa a tsaye. Gara na ci, gobarar hunturu na lashewa, yaƙi na ƙonewa. Ƙarni na 19 kusan kaf yankin na cikin ja-in-ja tsakanin Katsinawan Maraɗi, Damagaram da daular Sakkwato, sannan a 1899 ayarin sojan Faransa na Voulet da Chanoine ya ratso yana cinna wa garuruwa wuta, kafin su biyun su gamu da ajalinsu a wajen Maijirgi. Duk da haka, in an tashi sake kafa gari ba a zuba ɗakuna barkatai. Akwai tsari, kuma tunda ba a jikin dutse aka sassaƙa shi ba, a kawunan mutane yake zaune.

Wanda ya fi bin diddigin wannan tsari a rubuce shi ne Guy Nicolas, Bafaranshe masanin al'umma da ya daɗe yana aiki a kwarin Maraɗi. A 1966 ya fitar da dogon nazari kan yadda Hausawa ke tsara sarari, a 1975 kuma babban littafinsa kan wannan al'umma ya fito. Ya zauna sosai da Anna, masu riƙe da gadon kakanni, waɗanda a Kano ake kira Maguzawa. Jikokin irin waɗannan gidaje ne cike da ƙauyukan Tasawa da Mayahi, galibinsu yau Musulmi. Abin da ya tattaro daga bakinsu da ayyukansu mai sauƙin faɗa ne. Mutum na da gaba da baya, dama da hagu, duniya ma haka take. Tsayuwar mutum ta asali ita ce ya fuskanci gabas. In ya yi haka, damansa na kudu, wadda mutanen nan ke ce wa gusum, hagunsa na arewa, bayansa na yamma. Gaba da dama ɓangaren namiji ne, baya da hagu na mace, saboda haka gabas da gusum maza ne, yamma da arewa mata. Uku lambar namiji ce, huɗu ta mace, bakwai kuwa haɗuwarsu.

Daga nan komai ke biyo baya. Gona mai kusurwa huɗu ce, ɓangarorinta na duban sassan duniya huɗu. Gida haka. Gari mai ganuwa ƙofofinsa na bin wannan lissafi, kuma Nicolas ya bayyana yadda ake binne magani a tsakiyar sabon gari da bakin ƙofofinsa, kamar yadda ake yi wa sabuwar kasuwa don ta ci. Mai yanka ga iskoki gabas yake duba. Abin nufi shi ne wurin da mutum zai zauna ko ya nemi abinci a cikinsa dole ya yi daidai da yadda aka shimfiɗa duniya, in ba haka ba zaman ba zai yi albarka ba.

Ina da ɗan ja da baya a nan, domin abu a littafi yakan fi yadda yake a rayuwa tsaf-tsaf. Ba kowane manomi ne zai zauna ya jera maka cewa gusum namiji ce ba, kuma akwai ƙauyukan da tudu ko rijiya suka karkatar da su yadda suka ga dama. Amma a saurari yadda mutanen karkara ke magana. Ana ɗora jinka a kan ɗaki, wanda ke ƙasa zai ce wa na sama ya ja ta gabas kaɗan. Uwa za ta aiki yaro ya ɗauko ƙwarya yamma da rumbu. Baƙo ya tambayi gidan wani, a ce masa arewa ga masallaci. Ɗan birni ya saba da dama da hagu, waɗanda ke juyawa duk inda ya juya. Mutumin Mayahi yana ɗauke da kusurwoyin duniya a jikinsa ko da cikin duhun ɗaki ne. Wannan ɗabi'a ita ce harsashin duk abin da ake magana a kai, kuma tana nan da ranta. Wasu al'ummu sun bayyana irin wannan tunani da manyan duwatsu: dalar Giza ta Masar ɓangarorinta na duban sassan nan huɗu da daidaito mai ban mamaki, tsohuwar fadar sarakunan Sin a Beijin an jera ta kan layin kudu da arewa, tsofaffin majami'un Turai da yawa gabas suka sa gaba. A nan da kara da igiyar kaba aka faɗi magana iri ɗaya.

Wurin tsafin Anna kuwa ba shi da rufi. Itaciya ce, tsamiya ko kuka, ko suri, ko wani dutse, ko jigo da aka kafa a cikin gida ana zuba masa jini. Iskoki irin su Kure da Doguwa da Uwar Gona kowanne da mazauninsa da launin dabbar da yake karɓa, ja ko fara ko baƙa. Ba a gina musu ɗaki domin su ba mutanen ɗaki ba ne, na daji ne. Babbar iyaka a wannan tunani ita ce tsakanin gari da daji: gari wurin mutane da doka, daji wurin masu abu, waɗanda suka riga mutum zama a ƙasar, kuma sai da yardarsu ya sari gona. Shi ya sa danga da ganuwa suke da nauyin da ya wuce tsare awaki da ɓarayi, shi ya sa kuma ake bikin buɗin daji kafin mahalba su shiga farautar rani. Ko a Kano, inda labarin ya fi shahara, tarihin garin ya nuna wurin bautar Tsumburbura itaciya ce da aka kewaye da katanga, ba mai shiga sai Barbushe. A zamanin Muhammadu Rumfa, cikin ƙarni na 15, an sare wata itaciyar tsafi an gina masallaci a gurbinta. Wuri ɗaya, an sauya wanda ake kira.

Idan akwai ginin da manomin wannan yanki ke yi wa kallon girma, rumbu ne. A dube shi da kyau: an ɗaga shi daga ƙasa kan duwatsu ko guntayen itace saboda gara da danshi, jikinsa zagayayye, an kifa masa hular ciyawa. Cikinsa abin da sama ta bayar ne a wata uku ko huɗu na damina, wanda zai riƙe gida har wata daminar. Kafin a zuba, Musulmi na fitar da zakka, dami ɗaya cikin goma. A tsarin gandu na da, maigida kan rufe babban rumbu bayan kaka, kowa ya yi ta kansa da rani, ba a buɗewa sai aikin gona ya kama, wajen watan bakwai na lissafin manoma. Rufewa da buɗewar rumbu ita ce agogon shekara, kuma gidan da ya buɗe nasa tun rani bai yi nisa ba kowa ya san abin da ke tafe.

Sai maganar ruwa, wadda ba a iya tsallakewa. A duk faɗin Sahel hadari daga gabas yake tasowa. Za a ga gabas ta yi baƙi ƙirin, iska ta taso da jar ƙura, sannan ruwa ya zo a karkace yana dukan duk abin da ya tare masa hanya. Bangon gabas shi ke shan wannan duka, shi ke fara zaizayewa, shi ake fara yi wa yaɓe. Hunturu ma daga arewa maso gabas yake busowa. Mai hankali ba ya buɗe ƙofar ɗakinsa ta wannan ɓangare, sai ya mai da ita yamma ko gusum. Zaure na gargajiya yamma yake duba, fadoji da dama a ƙasar Hausa da Barno haka suke, da fili a gabansu. Sakamakon shi ne duk mai shiga gida fuskarsa na gabas.

Wasu za su ce to ai magana ta ƙare, dabarar kauce wa ruwa ce kawai aka lulluɓe da tatsuniya. Ban yarda da wannan rabon ba. Ga manomin da rayuwarsa ta rataya kan ruwan sama na ƴan watanni, ɓangaren da rana ke fitowa kuma hadari ke tasowa shi ne ɓangaren da rai da halaka ke zuwa tare. Hadarin da zai tsirar da hatsi shi ne zai kwashe jinka ya kayar da bango. Mutum na roƙon abin, yana kuma kare kansa daga gare shi. Girmama gabas da juya mata bayan ɗaki duk daga sani ɗaya suka fito, kuma wanda ya gina ɗakin bai taɓa jin yana yin abu biyu ba.

Da Musulunci ya kafu, sai ya tarar da mutanen da suka riga suka saba duban gabas. Tun shekara ta 2 bayan hijira aka mai da alƙibla zuwa Ka'aba, kuma daga Tasawa ko Mayahi, Makka na gabas ne da ɗan karkata zuwa arewa: kamar digiri 71 daga arewa, wato kusan digiri 19 daga gabas sak, a nisan kusan kilomita 3,500. Wannan dacewa ba kowa ya same ta ba. Musulmin Indunusiya yamma yake duba, na Turkiyya kudu. Bahaushe kuwa bai sauya tsayuwarsa ba, har ya zama a bakin mutane duban gabas na nufin salla. Ina ganin wannan na cikin dalilan da suka sa tsarin gida da gari bai girgiza ba lokacin da addini ya sauya. Zaure ya ci gaba da duban yamma, bangon gabas na masallaci ya zama bangon alƙibla, filin idi a garuruwa da yawa ya zauna bayan gari ta gabas.

Amma kada dacewar ta rufe mana ido ga bambancin, domin babba ne. Gabas ta Anna ba ta da ƙarshe, ba wanda ya taɓa isa can, kuma tsakiyar duniyarsu na nan inda suke, a cibiyar garinsu da gonar kakansu. Kowane gari da tasa tsakiya. Alƙibla kuwa wuri ne takamaimai, ɗaki mai kusurwa huɗu da ake iya zuwa a taɓa, wanda alhazan yankin suka yi ta tafiya gare shi a ƙasa ta Chadi da Sudan, wasu sai sun yi shekaru kafin su dawo. Musulunci ya ɗauke tsakiyar daga ƙauye ya kai ta Makka, ya mai da kowane masallaci ɗan yanki na sahu guda da ya kewaye Ka'aba. Sannan wanda ake fuskanta ba ya zaune a itaciya ko a wani sashe na duniya. Fuskantar alƙibla umarni ne da haɗin kan al'umma. Malaman da suka yi ta wa'azi kan yanka a gindin tsamiya sun san wannan bambanci sarai, kuma a kansa suka tsaya.

Ginin ibada mafi yawa a gundumomin nan biyu shi ne wanda baƙo zai wuce bai lura ba. A bakin kasuwa, a tasha, a gefen gona, za a ga an jera duwatsu ko fasassun tubala ko guntayen itace, an zana fili mai kusurwa huɗu a kan rairayi, ta gabas an ɗan turo shi waje inda liman zai tsaya. Tsayin abin bai kai taƙi ɗaya ba. An share cikinsa, an tsince ƙaya, ga buta a gefe. Mutum zai zo da takalminsa, ya tsaya a bakin layin, ya tuɓe, sannan ya tsallaka da ƙafar dama. Akuya ta doso, a kore ta. Yaro ya ratsa da gudu, a tsawata masa. Babu bango, babu rufi, babu ƙofa, amma kowa ya san ciki ya san waje. A shari'a duk ƙasa mai tsarki wurin salla ce, don haka abu biyu kaɗai wannan fili ya ƙara: iyaka da fuska. Duk sauran abin da ake gani a manyan masallatai ƙari ne a kan waɗannan biyun.

Fuskar nan na bin mutum daga farko har ƙarshe. Mabiyiyar jariri a cikin gida ake binne ta, shi ya sa mutum ke cewa ga inda aka binne cibiyarsa. Mahauci na kwantar da dabba ta dubi gabas. Mai haƙa masai yana lura kada mai zama ya fuskanci alƙibla ko ya ba ta baya, sai ya karkatar da shi kudu ko arewa. Ranar da aka kai mutum makwancinsa, kabarin kudu da arewa ake haƙa shi, a kwantar da shi kan damansa, kai na gusum, fuska na gabas. Maƙabartar ƙauye a wannan yanki ba ta da gini ko rubutu, tudun ƙasa ne da ƙaya ko fasasshiyar tukunya, amma dukkan tudun sun jeru fuska ɗaya.

Akwai wani abu da ke bayyana dalilin da ya sa tsofaffin masallatai ba su cika daidaita da juna ba. Rana ba ta fitowa a wuri ɗaya duk shekara. A wannan yanki, cikin watan Yuni tana ɓullowa wajen digiri 66 daga arewa, a Disamba kuwa wajen digiri 114. Tazarar ta kusa digiri 50. Maginin da ya ja layin bango da fitowar ranar tsakiyar Mayu ko ƙarshen Yuli ya faɗa kan alƙibla kusan daidai. Wanda ya ja nasa da sanyin Disamba, lokacin da aka fi yin gini saboda an gama aikin gona, yana iya kaucewa sosai zuwa kudu idan bai yi gyara ba. Malamai masu ilimin taurari sun san da wannan, kamar yadda ladanai kafin zuwan agogo suke auna inuwa da tafin ƙafa don gane azahar da la'asar. Masallaci ya kasance wurin da ake duban sama kullum: inuwa da rana, jan gabas da asuba, jinjirin wata a yamma.

Inda aka sami yumɓu da hali, ana tashin masallacin ƙasa, kuma a nan gwanintar magina ke fitowa. Tubali ake mulmulawa da hannu a shanya, a jera shi da kwaɓaɓɓiyar ƙasa, bangon ya yi kauri a gindi yana sirancewa sama. Matsalar ita ce rufi. Azara ba ta ɗaukar nauyin ƙasa in tazarar ta wuce kamar mita 2, jama'a kuwa na son fili. Sai magina suka gano dabarar ɗaura azara hawa-hawa, kowace na ɗan turowa gaba kan ta ƙasa, ana ɗaurewa ana lulluɓewa da ƙasa, har ɓangarori biyu su haɗu a sama su zama bakan gizo. In aka gicciya bakuna da yawa, sai a ɗora tulluwa a kansu. Da wannan dabara Babban Gwani ya rufe masallacin Zariya a zamanin Sarki Abdulkarim, cikin shekarun 1830. Da irin wannan baka da tulluwa kuma Falke Barmu, manomi kuma magini, ya rufe masallacin Yama a jihar Tawa, wanda ya fara ginawa a 1962, ginin kuwa ya ci kyautar gini ta Aga Khan a 1986. A yankin Gulbin Kaba itacen goriba kan tsaya a madadin azarar giginya.

Masu rubutu daga waje na saurin cewa tulluwa sama ce, ginshiƙai huɗu kuma sassan duniya. Ni na fi son a bar magini da dalilansa: tulluwa na zubar da ruwa, tana buɗe fili, tana tara zafi can sama ta bar masu salla cikin sanyi. Abin da ba a musu shi ne yadda jiki ke ji. Ka fito daga ranar Afrilu mai ƙuna, ka sunkuya ta ƙaramar ƙofa, ka shiga duhu mai sanyi da ƙanshin ƙasa, ido ya ɗauki lokaci kafin ya ga sahu, murya ta sauka da kanta. Ginin ya riga ya yi rabin aikin natsuwa kafin a yi kabbara. Kuma ginin ƙasa na neman mutanensa duk shekara. Kafin ruwa ya sauka sai an yi gayya an yi yaɓe, an gyara indararo, mata da yara na jido ruwa, samari na cuɗa ƙasa. Masallacin da ba a taru a kansa ba, damina biyu ko uku sun isa su nuna.

Yau abubuwa da yawa sun juya. Bayan ambaliyar 1945 da ta cinye tsohon garin Maraɗi a cikin kwari, an mai da shi kan tudu bisa tituna miƙaƙƙu da Turawan mulki suka zana, kuma irin wannan yankan filaye ne ya zama abin koyi a sababbin unguwannin Tasawa da Mayahi. Mai awo ne ke faɗin inda ƙofa za ta duba. A garuruwan da ke kan babbar hanyar Yamai zuwa Damagaram, wadda ta ratsa Tasawa, gida da shago kwalta suke fuskanta, don can ciniki yake. Tun daga shekarun 1980 masallatan siminti suka yawaita, wasu alhazai ƴan kasuwa suka gina, wasu ƙungiyoyin agaji na ƙasashen Larabawa, wasu kuma ƴan Izala da ke son nasu wurin. Garin da a da yake da masallacin Juma'a ɗaya kusa da fada yanzu yana da da dama. Lasifika ta ɗauke wa ladan hawa sama, agogon waya ya ɗauke masa duban inuwa.

Ba na cikin masu kukan a koma jiya ido rufe. Wanda bai taɓa jido ruwan yaɓe daga rijiya mai zurfin gaba da yawa ba, bai kamata ya yi wa ƙauye faɗa don sun zaɓi siminti ba. Ginin ƙasa kuma in an yi sakaci yana kisa: a 2023 wani ɓangare na masallacin Zariya ya rufta kan masu salla aka rasa rayuka, a 2024 tsohon masallacin Birnin Damagaram ya faɗi bayan ruwa mai yawa. Amma ɗakin siminti mai rufin kwano a watan Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, azaba ne, har jama'a kan gudo waje su yi salla a inuwar bango. An sayi ƙarko an sayar da sanyi. Akwai hanya ta uku, kuma a Nijar aka gwada ta. A Dandaji, cikin jihar Tawa, Mariam Kamara da Yasaman Esmaili sun tsara sabon masallaci da tubalin jar ƙasa da aka matse da inji, aka kammala a 2018, tsohon masallacin ƙasa kuma aka gyara shi ya zama ɗakin karatu, tare da maginan gargajiya a cikin aikin. Magadan gari da masu hannu da shuni na Tasawa da Mayahi ya kamata su je su gani da idonsu kafin su sake zuba kuɗi a wani akwatin kwano.

Abin da ya fi damuna ilimin ne ke tafiya. Tsofaffin da suka san dalilin da ya sa aka kafa gari a nan, wace itaciya ce ba a sara, ta ina aka fara jan danga, suna ƙarewa, jikokinsu kuma na jin kunyar tambaya don kada a ce suna sha'awar tsafi. Rubuta tarihin yadda kakanni suka fahimci duniya ba komawa ga bautarsu ba ne. Malaman Kano da suka adana labarin Barbushe Musulmi ne. Ɗaliban jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ta Maraɗi na da aiki a gabansu a ƙauyukan nan, na auna fuskar tsofaffin masallatai da zauruka, da zama da sarakunan magina tun suna da sauran ƙarfin magana.

Wayar hannu ta kawo wata sabuwar rigima: saurayi ya ɗora wayarsa a kan tabarma ya ce masallacin da kakansa ya gina ya karkace, dattawa su ji an zage su. Ba sai an kai ga haka ba, ba kuma sai an rushe bango ba, tunda ana iya gyara sahu a bar gini yadda yake. Na'urar waya ma tana ruɗewa kusa da ƙarfe da kwano. Akwai awon da kowa zai gani da idonsa ya yarda. Sau biyu a shekara rana na tsayawa daidai saman Ka'aba: wajen 28 ga Mayu da ƙarfe 10:18 na safe agogon Nijar, da wajen 16 ga Yuli da ƙarfe 10:27. A wannan lokaci duk wanda ya fuskanci rana ya fuskanci alƙibla. A kafa sanda miƙaƙƙiya a fili mai lebur a harabar masallaci, a ja layi bisa inuwarta, daga kan inuwar zuwa gindin sandar, can ne Makka. Na watan Mayu ya fi dacewa da wannan yanki, domin a tsakiyar Yuli gajimare kan rufe rana.